Nasiha ga Malamai a kan Yaro Mai Kaifin Fahimta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba basira tsakanin bayinsa kamar yadda ya raba arziki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malamai na Samaru da Sabon Gari, da ku almajirai masu karanta wannan takarda a zaure, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani laifi da na yi da hannuna, ina tsoron kada waninku ya maimaita shi.

Shekara 14 ke nan aka kawo mini wani yaro daga ƙauye. In na rubuta masa allo da safe, kafin azahar ya riƙe, alhali tsararsa sai sun kwana uku a kan nasu. Sa'an nan ga shi da tambaya. Ya kan ce, "Allah shi gafarta Malam, don me aka rubuta alif a nan, ba a kuwa karanta shi?" Ni kuwa na ɗauki wannan rashin ladabi ne, na sa masa bulala. Da na ga ya wuce 'yan'uwansa, sai na ɗora shi a kan biya wa ƙolaye, ya shekara uku yana hutar da ni, ban buɗe masa ko Ahalari ba. Ran nan aka wayi gari ya tafi. Bara na gan shi a kasuwar Sabon Gari yana dako, 'yan kasuwa suna kiransa ya yi musu lissafin buhuna da ka, yana gamawa kafin mai waya ya gama latsawa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Wallahi ban iya duban idonsa ba.

Fasali a kan abin da hukuma ta yi

Ni ban yi boko ba, amma adalci ne a faɗi abin da masu boko suka yi. Tun 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina, ana tsamo yaran da suka fi ƙoƙari daga larduna a tara su wuri ɗaya. Aka mai da ita Kaduna a 1938, aka kawo ta nan Zariya a 1949, ita ce a ke kira Barewa yau. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ba a shiga sai da jarrabawa. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makaranta a Suleja musamman domin yara masu baiwa, hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Wannan duk abin yabo ne, domin sun gane cewa yaro mai kaifin fahimta amana ce ta jama'a duka.

Amma ku duba da kyau. Jarrabawa taru ce, taru kuwa ba ya kama kifin da ba ya cikin ruwan da aka jefa shi. Ana yin ta da Turanci, a yini ɗaya, ga wanda ya kai aji shida na firamare, wanda ubansa ya ji labarinta, ya kuma sami kuɗin takarda da na mota. Yaron da na ba ku labari bai taɓa jin sunan Suleja ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, mutane suna zuwa mata daga nesa neman ilmi, ga almajiranmu a bakin ƙofarta da roba a hannu. Wa ya san ko a cikinsu akwai wanda ya fi na ciki kai?

Ko a inda gasa ta yi amfani, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. A 1933 Ofishin Fassara na nan Zariya ya sa gasar rubuta littattafai, Malam Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Bature mai kula da ofishin, watau East, bai tsaya ga ba shi kyauta ba, sai da ya jawo shi Zariya ya zauna yana rubutu, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Gasa ta nuna shi, mutum ne ya riƙe hannunsa.

Fasali a kan namu ɓangaren

Mu ma muna da ma'auni. Muna da ƙolo da titibiri da gardi, muna da alaramma da gwani. Tun 1986 kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ta fito da mahaddata masu yawa, maza da mata. Sai dai mudunmu ɗaya ne, shi ne hadda. Hadda kuwa daraja ce babba, ba mai raina ta sai jahili, amma basira ƙofofinta da yawa. Akwai yaron da haddarsa tsaka-tsaki ce, amma in ka ba shi mas'alar gado sai ya raba ta kafin ka rufe baki. Akwai wanda kunnensa ke jin kuskuren i'irabi tun bai karanta Ajurumiya ba. Akwai wanda hannunsa ke kwance rediyo ya mayar. Waɗannan duk mudunmu ba ya auna su.

Abin da ya fi wannan muni, sau da yawa mai baiwa da siffar mai laifi ya ke bayyana. Ya gama allonsa da wuri, zama ya ishe shi, sai ya tsokani na kusa da shi, sai bulala. Ya yi tambayar da malam bai shirya mata ba, sai a ce ya cika iyayi. Yarinya kuwa, in ta fi maza a makarantar Islamiyya, sai a ce madalla, a bar ta nan, kamar ba mu taɓa jin labarin Nana Asma'u 'yar Shehu ba.

Magabata ba haka suka yi ba. An ruwaito cewa Abu Yusuf ɗan talakawa ne, gidansu suna so ya bar karatu ya nemi abinci. Imamu Abu Hanifa ya lura ba ya ganinsa a majalisi, ya neme shi, ya riƙa ba shi kuɗi daga aljihunsa don ya zauna. Wannan yaro shi ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashid. Ba jarrabawa ce ta gano shi ba. Idon malaminsa ne, da tambayar da ya yi ran da bai gan shi ba.

Fasali a kan abin da ya kamata

Na farko, kowane malami ya riƙa duban alamu uku: saurin riƙewa, da tambayar dalili, da iya kai abin da aka koya a wani babi zuwa wani babin. Wanda ya ga biyu daga cikinsu sun dawwama ga yaro wata shida, ya rubuta sunansa, namiji ne ko mace.

Na biyu, kada a ɗaure shi da tafiyar tsararsa. In ya riƙe, a wanke a ƙara masa. In ya biya wa ƙanana, to a saka masa da darasi nasa na kansa, a fara masa Ahalari da Ishmawi da nahawu tun bai sauke ba.

Na uku, malamin da yaro ya ƙure abin da ke gare shi, ya miƙa shi gaba, ba kunya a ciki. Birnin Zazzau ya shahara da nahawu da lugga tun kaka da kakanni, zaurukan Kona da Juma ba su yi mana nisa ba. In kuwa baiwar ta lissafi ce ko ta sana'a, a nemi malaman jami'a da mu ke sahu ɗaya da su a masallaci, a roƙe su sa'a biyu ran Alhamis, su koya masa lissafi da Turanci, har ya iya zama jarrabawar da a ke shiga makarantun can da ita.

Na huɗu, ƙungiyarmu ta ware wani abu daga taimakon da a ke tarawa domin cin waɗannan yara da sabulunsu. Yaron da ya yini yana bara ba ya iya muraja'a da dare, kome kaifin kansa.

Wani zai ce, wannan fifiko zai sa musu girman kai, ya kuma karya zuciyar sauran. Na ce, tsoron gaskiya ne, maganinsa kuwa tarbiyya: a sanar da yaro cewa baiwa aro ce, za a tambaye shi a kanta, a kuma hana yabonsa a gaban 'yan'uwansa. Amma a danne shi don a daidaita shi da saura, wannan ba adalci ba ne. Uba ba ya ɗinka wa 'ya'yansa duka riga awo ɗaya ya ce ya yi adalci. Mai jinkirin fahimta yana da haƙƙin a yi haƙuri da shi, mai sauri yana da haƙƙin a sakar masa linzami.

Ku kuma almajirai, wanda ya ga Allah ya buɗe masa, kada ya raina malaminsa, kada kuma ya haɗiye tambayarsa. Ya jira a tashi daga karatu, ya durƙusa, ya yi ta da ladabi.

Amma ni, na koma kasuwa na roƙi wancan yaro gafara. Yanzu ya kan zo bayan isha muna karanta babin gado na Risala, sau da yawa shi ke riga ni fitar da rabo. Sai dai shekarun da na ɓatar masa ba su dawowa. Kowane ɗayanku ya duba zaurensa gobe da asuba.

Allah shi gafarta mana abin da muka tauye na haƙƙin yara, shi ba mu idon gane amanar da aka ajiye a hannunmu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.