Majigi ba littafi ba ne

Akwai al'adar da ta kama gindi a azuzuwan jami'a, kuma ɗaliban Hausa na Khartum da Omdurman ba su tsira daga gare ta ba: ɗalibi ya kwafe sakin layi sukutum, ya liƙa a shafin PowerPoint, ya juya wa 'yan ajinsu ƙeya yana karanta abin da kowa ke gani. Malami ya ba shi maki saboda launuka sun yi kyau. Laifin na malamin ne, domin shi ya buƙaci a gabatar da darasi da majigi bai koyar da amfaninsa ba.

Amfaninsa ga mai nazarin Hausa kuwa a fili yake. Majigi na abin da kunne kan kuskure ne, ido ya kama. Ɗalibin da ya tashi da Larabci a Omdurman ba lallai ya ji bambancin karya da ƙarya ba, sai ya ga lanƙwasar a bango da manyan baƙaƙe. Kalmar baba takan nufi uba, ko gwaggo, ko shukar da marina ke rini da ita. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna ko ɗaya. Shafi guda mai kalmomi uku da alamominsu ya fi shafi ashirin na zuba. Haka nan mai bayani kan yadda Larabci ya shiga bakin Hausawan Sudan, batun da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi wa littafi a 1999, zai iya jera kalmar Larabci da siffarta ta Hausa kafaɗa da kafaɗa, in an nuna masa yadda ake hana rubutun dama da na hagu cakuɗewa.

Masu cewa alli da allo sun wadatar suna da hujja, musamman inda wuta ke ɗaukewa. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗalibai suka watse, karatu da yawa ya koma waya. Shafin da aka cusa wa layi talatin ba ya karantuwa a fuskar waya, lanƙwasar ɓ da ɗ ce kuma farkon abin da ke ɓacewa.