Bakassi: Jinjina ga Waɗanda Suka Mayar da Wuƙa Kube

Ranar 10 ga Oktoba 2002, Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci cewa yankin Bakassi na Kamaru ne. Rai ya ɓaci a Najeriya, kuma da dalili. Sojojinmu suna can tun ƙarshen 1993, akasarin mazauna wurin masunta ne 'yan Najeriya, ga ɗanyen mai kwance a ƙarƙashin ruwa. Jini ma ya riga ya zuba tun 1981, lokacin da aka kashe mana sojoji biyar a bakin iyakar. Kotun ta dogara ne da yarjejeniyar 1913 tsakanin Ingila da Jamus, takardar da Turawa suka rubuta ba tare da sun tambayi ko mai kwalekwale ɗaya ba. Masu cewa ba za a ba da ko taku ɗaya ba sun fi masu cewa a yi haƙuri yawa.

A 2002 ɗin ce wata hukumar shata iyaka ta ba Eritiriya garin Badme, bayan yaƙinta da Habasha na 1998 zuwa 2000 da ya ci dubun-dubatar rayuka. Habasha ta ƙi janyewa, iyaka ta zauna a rufe har 2018, uwa a can ɗa a nan. Irin ramin da muka tsaya a bakinsa ke nan.

Shi ya sa nake jinjina wa shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo. Tsohon soja ne da ya ga yaƙin basasa da idonsa, ya san abin da ke biyo bayan kirarin maza. Ranar 12 ga Yuni 2006 ya sa hannu tare da takwaransa na Kamaru, Paul Biya, a yarjejeniyar Greentree, Kofi Annan na Majalisar Ɗinkin Duniya na shaida. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya cika alkawarin da ba shi ya ɗauka ba, duk da turjiyar Majalisar Dattawa, aka miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008. Babbar ƙasa ta bi hukunci alhali tana da ƙarfin ƙin bi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai talakawa ne suka biya kuɗin wannan zaman lafiya, kuma har yau suna bin bashi. Arewa ce ta fara ɗanɗanawa: a Disamba 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da talatin a tafkin Chadi, ciki har da Darak, inda masunta suka yi ta bin ruwa yana janyewa har suka tsallaka iyaka ba su sani ba. Suka wayi gari da naira a aljihu, tutar wata ƙasa a kansu.

A Bakassi, Greentree ta yi alkawarin ba za a kori kowa ba, ba za a hana shi sana'arsa ba. Amma kukan masunta kan jandarmomi da haraji bai yanke ba. Waɗanda suka zaɓi dawowa gida aka sauke su a Akpabuyo ta jihar Kuros Riba, wasu suka yi shekaru suna kwana a azuzuwan makaranta. Me masunci zai yi da kan tudu, komarsa a rataye tana ruɓewa?

Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ba su matsuguni na dindindin a bakin ruwa, ta kuma riƙa tuna wa gwamnatin Kamaru abin da ta sa wa hannu. Sannan a ƙarasa kafa turakun iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 2,000, tare da masu unguwanni da manoman duwatsun Adamawa da Taraba, waɗanda gidansu ke ɓangare ɗaya gonarsu ke ɗayan.