Kuna da kuɗin naɗa Sarkin Ɗalibai, ba ku da na tarbar ƙannenku?

Jama'a, yau da shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu nake. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Makon jiya wani yaro ɗan garinmu ya tattara kayansa ya koma gida, ko zangon farko bai gama ba. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma korarsa aka yi ba. Ya zo ya tarar babu gado a hostal, ɗakin hayar da ya iya kamawa sai ya hau mota biyu kafin ya riski lakcar ƙarfe takwas. Kuɗin da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya haɗa masa na shekara, wata uku ba su yi ba. Na ce masa, kafin ka danna karɓa a CAPS ka taɓa taka garin nan? Ya ce wallahi hoton ƙofar makaranta kawai ya gani a Facebook.

A Amurka ɗalibi yakan samu gurbi a jami'a uku ko huɗu lokaci guda, kuma a yawancinsu 1 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta ba da amsa. Shi ya sa a watan Afrilu jami'o'in ke ware ranaku su gayyaci waɗanda suka ɗauka tare da iyayensu. Yaro ya zauna a aji, ya ci abincin makaranta, ya ga ɗakin kwana, a wasu wuraren har kwana yake yi da tsofaffin ɗalibai. Ba don Allah suke yi ba, talla ce, kowace jami'a ƙoƙari take ta ƙwace ɗalibi daga hannun 'yar'uwarta, abin da ya fi kyau shi ake nunawa. Amma ko ba komai yaron ya gani da idonsa kafin ya sa hannu.

Mu kuwa tun da JAMB ta kawo CAPS a 2017, gurbi ɗaya ake nuna maka, ko ka karɓa ko ka ƙi. Wani zai ce to mene ne amfanin ziyara tunda babu zaɓi? Malam, mai gurbi ɗaya shi ya fi bukatar ya gani. In ya karɓa, ya biya kuɗin amincewa da na rajista, sannan ya gane ba zai iya zama ba, shekara ta tafi, kuɗi sun tafi, sai sabuwar jarabawa. Kuma zaɓin yana nan, JAMB tana ba da damar sauya makaranta kafin gurbi ya fito. Ke nan tamu ziyarar tun lokacin tantancewa ya kamata a yi ta.

Asarar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Na san yarinyar da ta samu gurbin haɗa magunguna a nan Kudu, kawunta ya ce ba za ta je inda babu masallaci ba. Mutumin bai taɓa tsallake Jebba ba! Da ya zo Ibadan da ya ga Sabo, inda Hausawa suka haura shekara 100 suna zaune. Da ya zo Legas da ya ga Agege da Idi-Araba. Ita kanta MSSN da muke alfahari da ita a Legas aka kafa ta a 1954. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 20 cikin 100 an ware su ne wa jihohin da ke baya a ilimin boko, kuma yawancinsu namu ne. Jita-jita ce ke sa muna barin rabonmu, kamar yadda hoto ke sa wasu faɗawa inda ba za su iya ba. Gani ya kori ji.

Na san za a ce hanya da nisa, Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ga tsadar mota, ga fargabar hanya. Gaskiya ne. Amma in an zo bikin ranar al'ada ba ma kukan babu. A ɗauko hayar doki, a ɗinka anko, a kira mai kiɗa, a naɗa Sarki da Waziri da Galadima, a cika Facebook da hotuna. Washegari ƙaninka ya sauka a tasha da asuba da jakar Ghana-must-go, ɗan acaɓa ya cuce shi, ejan ɗin gida ya karɓe kuɗinsa ya kashe waya. Ina Sarkin yake a lokacin?

Ba abu mai wuya nake nema ba. Duk wanda ya zo tantancewa a ba shi tabarma kwana biyu. A zagaya da shi tsangayarsa, ya yi magana da ɗan aji uku da ke karanta abin da yake nema. A nuna masa masallaci ko coci, da inda ake sayar da tuwo. Wanda ba zai iya zuwa ba, a yi masa kiran bidiyo a WhatsApp, shi da mahaifinsa. Ɗalibai mata su tarbi mata, su yi magana da iyaye mata.

Kuma kada mu kwaikwayi tallar Amurkawa. Mu ba sayar da makaranta muke ba. A nuna masa layin ɗiban ruwa, a faɗa masa kuɗin haya na gaskiya, a gaya masa cewa wani lokaci za a kira shi aboki da sigar raini, kuma za a samu Bayarabe ko Inyamurin da zai raba abincinsa da shi. In ya ga duka ya ce zai iya, bismillah. In ya ce ba zai iya ba, ya sauya tun kuɗin gida ba su salwanta ba.

Shugabanni, kafin jerin sunaye na gaba ya fito ku sa rana, ku rage kuɗin doki. Ni ɗakina yana ɗaukar mutum biyu, a fara rubuta sunana.