Motocin da suka mutu ranar bikin sunansu

A bayan wani gareji da ke nan Haɗeja akwai wata 'yar mota da kaji suka mayar akurki. Na san ta tun tana tafiya. Wani bakanike ne ya haɗa ta shekarun baya, da injin irin na niƙa mai shan gas, da giyabos da ƙafafun bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ya yi mata bodi na katako, ya ɗaga cikinta sama yadda taɓo ba zai riƙe ta ba. Ba ta da kyan gani, ƙararta kuwa sai ka toshe kunne, amma na ga ta fito da buhunan shanshera daga cikin fadama zuwa bakin kwalta a lokacin da amalanken shanu ma sai da dabara. An kai ta wani bajekolin amfanin gona, wani babban mutum ya hau ya ɗaga hannu, aka ɗauki hoto, aka yi tafi, aka ce wa mai ita ya saurari kira. Har yanzu yana saurare, furfura ce kawai ta ƙaru.

Duk sa'ad da na bi ta wurin sai in tuna cewa wannan 'yar mota tana da dangi a sassan ƙasar nan da wajenta, kuma ciwo ɗaya ne ya kashe su. Mai karatu, wannan ciwon nake so mu duba, domin mun daɗe muna ba shi sunan da ba nasa ba.

Babbar yayarta a Nijeriya ita ce Z-600, wadda Injiniya Ezekiel Izuogu, tsohon malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Nekede, kusa da Owerri, ya ƙera. A 1997 aka ƙaddamar da ita, kuma Janar Oladipo Diya, na biyu a gwamnatin Janar Sani Abacha, shi ya jagoranci bikin. An ce kashi 90 cikin 100 na kayanta a gida aka yi su, har ƙararrawar ƙofar gida aka sa mata a madadin hon. Gwamnati ta kafa kwamitin masana ya duba ta, ya ce ta yi, sai 'yan gyare-gyare. Aka yi alkawarin Naira miliyan 235 don a kafa masana'anta. Kafin shekarar ta ƙare, shi kansa Diya yana tsare bisa zargin yunƙurin juyin mulki, a watan Yunin 1998 kuma Abacha ya rasu. Kuɗi ba su fito ba. A 2005 aka fara maganar kai aikin Afirka ta Kudu, sai ga shi a watan Maris na 2006 'yan fashi sun shiga ma'aikatarsa da ke Naze, sun kwashe zane-zanen motar da mazuban da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki don fitar da sassan injin. Izuogu ya rasu a 2020 ba tare da ya ga an sayar da ko guda ɗaya ba.

Kafin shi akwai Farfesa Ayodele Awojobi, wanda a Zariya ya yi karatun injiniya, ya kuma haɗa Autonov 1 a Jami'ar Legas a farkon shekarun 1970, motar da ke iya tafiya gaba ko baya da dukkan giyoyinta. Bayan su akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da suka haɗa ABUCAR don gasar tsimin mai ta kamfanin Shell. Kowace ta sami rabonta na tafi da shafin farko na jarida.

Idan aka tambayi ɗan Nijeriya me ya kashe waɗannan motoci, amsarsa a shirye take: Turawa ne ba sa son mu ci gaba, ko dillalan motocin waje ne suka yi maƙarƙashiya, ko ƙabilanci ne. Ba na musun cewa akwai masu cin abinci da rashin masana'antunmu, kuma fashin Naze abin tambaya ne har gobe. Amma wannan amsa tana da daɗi fiye da kima, domin tana wanke kowa. Gaskiyar da ba ma son ji ita ce, ƙera mota guda ɗaya shi ne ɓangare mafi araha a duk sana'ar. Haziƙin mutum da ke da injin walda da haƙuri zai iya fitar da guda ɗaya cikin shekara. Wahalar tana wajen ta dubu, wadda dole ta zama daidai da ta farko, ta yadda ƙofar wannan za ta shiga jikin waccan, kuma bakanike a Birniwa zai sami birkinta a shago ranar da ya lalace. Mota tana da dubban sassa. Kowane sashi yana buƙatar mai yin sa, mai yin sa yana buƙatar mazubi da faranti da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, kuma ba zai zuba dukiyarsa ba sai ya ga takardar ciniki a hannu. Faranti kuwa daga waje muke sayowa, tunda babbar tukunyar narka ƙarfe ta Ajaokuta, da aka fara aikinta tun 1979, ba a taɓa hura ta ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya sama. A 1961 shugaban Turkiyya, Janar Cemal Gürsel, ya ba injiniyoyin jirgin ƙasa na Eskişehir umarnin su ƙera motar ƙasa kafin bikin ranar jamhuriya. Cikin wata huɗu da 'yan kwanaki suka fitar da Devrim. Da za a ɗauko motocin a jirgin ƙasa zuwa Ankara, aka rage musu mai don gudun gobara. Ranar 29 ga Oktoba shugaban ya shiga guda, ta yi tafiyar kimanin mita 100 ta tsaya, ba mai. Ya sauka ya shiga ɗaya, ta kai shi inda za shi lafiya lau, amma jaridu ta farkon suka riƙe, aka yi ta dariya, aikin ya mutu a kan motoci huɗu. Shekara biyar bayan haka, a 1966, sai ga Anadol a kasuwa. Ba fadar shugaban ƙasa ce ta yi ta ba, gidan attajiri Vehbi Koç ne, wanda ya shekara da shekaru yana dillancin motocin Ford, ya san masu saye, yana da shaguna da kanikawa. Bai ji kunyar sa mata injin Ford ba, bai kuma ji kunyar yin bodinta da roba mai zare ba da ya ga kuɗin injinan buga faranti sun fi ƙarfin kasuwarsa. Masu kishin ƙasa sun raina ta. Ita ce dai ta shiga gidajen mutane, yau kuma Turkiyya na fitar da motoci fiye da miliyan ɗaya a shekara. Kenya ta maimaita kuskuren Devrim da Nyayo Pioneer, wadda Shugaba Daniel arap Moi ya sa Jami'ar Nairobi ta ƙera. Aka nuna guda biyar a 1990, daga nan shiru. A gidanmu ma, wanda ya kai ga buɗe masana'anta a Nnewi a 2010, Innocent Chukwuma na Innoson, daga sayar da kayan gyaran babur ya taso.

Mu 'yan Arewa muna alfahari da Jelani Aliyu na Sakkwato, kuma ya cancanta. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a Detroit a watan Janairun 2007, duniya ta yi ta magana. Abin da ba kasafai muke faɗa ba shi ne, motar da aka fara sayarwa a ƙarshen 2010 ba ta yi kama da waccan sosai ba. Da aka gwada samfurin a ɗakin gwajin iska, aka ga siffarsa tana tare iska, tana cinye batir, sai aka sake fasalin. Wato ko a Amurka samfuri tambaya ce ake yi wa injiniyoyi da kasuwa, amsar tana zuwa daga baya, bayan shekaru na gwaji da kashe kuɗi. Kuma Volt ba ta isa kasuwa da ƙarfin kamfanin kaɗai ba: gwamnatin Amurka ta ceto General Motors daga durƙushewa a 2009, ta kuma yi wa mai sayen irin wannan mota rangwamen haraji har dala 7,500. Duk da haka a 2019 aka daina yin ta. Jelani ya dawo gida ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, kuma ina zaton ya fi kowa sanin cewa alƙalamin zane bai taɓa zama abin da muka rasa ba.

Abin da muka rasa mai saye ne, kuma mun taɓa samun sa. Kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi ƙarfi ne domin gwamnati ta ɗaure kanta da sayen 504, tun daga gwamna har sakataren ƙaramar hukuma. A inuwarsa masu yin batir da gilashi da kujeru da taya suka rayu. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, 'yan Kwatano suka cika ƙasa, manya kuma suka koma jif-jif na Japan, sai inuwar ta gushe, da ita da masana'antar manyan motoci ta Kano da Steyr ta Bauci.

Sai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi damuna a matsayina na ɗan wannan kwari. Kusan duk waɗannan samfura motar alfarma suke son zama, mai ƙofa huɗu, wadda shugaba zai shiga ya ɗaga hannu. A wannan fage kuwa ba mu da abin da za mu gaya wa Toyota mai shekara goma sha biyar da aka sauke a Kwatano. Motar da ba a yi ba, wadda kuma babu wani kamfanin Japan da zai ɓata lokacinsa a kanta, ita ce ta manomin Auyo da masuncin Guri. Ƙasarmu iri biyu ce a wuri ɗaya: tudun yashi da ke haɗiye taya, da laka mai danƙo da ke riƙe ta. Da damina, idan kogi ya cika aka kuma saki ruwan Tiga da Challawa, garuruwa kan yanke daga kwalta na makonni, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022. A lokacin ne tattasai ke ruɓewa a gona, kifi ya lalace kafin ya iso kasuwa, mai naƙuda kuma a ɗora ta a amalanke. Abin da ake bukata a nan abu ne mai tsawon ƙafa, mara nauyi, mara gudu, wanda zai ɗauki rabin tan, injinsa ya ja famfon ban-ruwa ko injin casa idan an tsaya, kuma yaron gareji ya kwance shi da sifana uku.

Wani Bature ɗan Ingila, Tony Howarth, ya taɓa hango wannan. Ya ƙera Africar da katako mai gam da injin Citroën, a 1984 ya tuƙa guda uku daga ƙarshen arewacin Turai har tsakiyar Afirka don ya nuna ƙarfinsu. Tunanin mai kyau ne, amma kamfanin ya rushe a 1988 da kuɗin kafin alƙalami na mutane a ciki, shi kuma ya ƙare a gidan yari. Na kawo shi ne don kada a ce ina wanke masu ƙirƙira. Wasunsu sun fi iya magana da 'yan jarida a kan lissafi, wasu samfuran kuma mutuwarsu rahama ce ga fasinja. Ita ma ta bayan garejinmu, birkinta addu'a ce.

Za a ce ai babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ɗan Sin da ɗan Indiya, ya riga ya cike wannan gurbi. Ya cike rabinsa, kuma rabin da ya cike hujja ce cewa kasuwar tana nan. Amma a tambayi masu shi sau nawa suke kai shi walda a damina guda, a kuma dubi yadda masu waldar Haɗeja ke ƙara masa sifirin da faranti tun yana sabo. Wannan gyare-gyaren da ake yi a bakin titi, da za a auna shi a rubuta, shi ne zanen motar fadama.

Saboda haka ba na roƙon gwamnatin Jigawa ta kafa kamfanin mota, Allah Ya kiyaye, mun ga ƙarshen irinsu. Ina roƙon ta zama mai saye. Masarautar Haɗeja na da ƙananan hukumomi takwas. A fitar da sanarwa cewa ana son abin hawa na fadama, a faɗi nauyin da zai ɗauka, da zurfin ruwan da zai ratsa, da farashin da ba zai wuce ba. Duk wanda ya kawo nasa, bakanike ne ko malamin kwalejin Binyaminu Usman ko kamfani daga Kano ko Nnewi, a ba shi kuɗin yin guda biyar, a raba wa direbobin haya su yi damina biyu da su tsakanin Guri da Kiri Kasamma da Kafin Hausa, a rubuta duk abin da ya karye, a buga sakamakon kowa ya gani. Wanda ya tsira, a sa hannu da shi kan guda ɗari biyu na asibitocin karkara da ƙungiyoyin manoma, biya kashi-kashi, da sharaɗin kayan gyara su kasance a shagunan Haɗeja. Da wannan takarda a hannu banki zai saurare shi, mai zuba ƙarfe a Kano ma zai yarda ya yi masa mazubi. Injin ya zo daga Indiya, ba abin kunya ba ne. Na Anadol ma daga Ingila ya zo. Kuɗin duka ba zai kai na jif-jif ɗin ayarin babban mutum guda ba.

Sharaɗi ɗaya kawai zan ƙara: kada a yi bikin ƙaddamarwa, kada a yanka kyalle, kada a gayyaci maroƙa, sai ranar da ta ɗari biyu ta fito daga ma'aikata.

Na je wurin bakaniken nan makon jiya na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce injin ya daɗe da sayar da shi ga wani mai niƙa, amma awon komai yana nan a wani littafin makaranta a cikin akwatinsa, in ana so.