Cinikin Biri a Sama

Na san wasu za su ce ina ruwan mujallar adabi da zancen tamaula. To, ni a ganina duk abin da yake cin ran samarin ƙasar nan ya cancanci a ɓata masa tawada, kuma yadda ake zaɓen 'yan ƙwallo a wannan yanki namu yana cin ransu ƙwarai da gaske. Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi bayan la'asar zai ga filayen makarantu cike da yara, wasu da takalmi wasu ba takalmi, ƙura na tashi. Haka abin yake a Birchi da Tsauri da Karofi da Makera. Amma wa yake rubuta abin da suka yi? Babu kowa. Rana ta faɗi, an tashi, ƙwallayen da aka ci sun bi iska.

Saboda babu abin da aka rubuta, in kulob yana neman 'yan wasa sai ya sa ranar gwaji. Samari su taru jingim, wani ya kwana a tasha, wani ko koko bai sha ba. A jefa kowa cikin fili na 'yan mintoci tare da mutanen da bai taɓa gani ba, kowa na son ya nuna kansa, don haka ba mai ba wani ƙwallo. Kafin magariba an fitar da sunaye. Wannan ai cinikin biri a sama ne. Mai sayen ragon layya a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya fi waɗannan masu gwaji hankali, domin shi yakan buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya taɓa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Kuma inda babu shaida, nan ɗan takarda daga babban mutum yake yin aiki, nan kuma dillalin ƙarya yake samun shiga, ya ce wa uba ya sayar da gona a kai ɗansa Turai.

Bari mu leƙa Amurka mu ga yadda suke yi a tasu ƙwallon, wadda ake ɗauka da hannu a ruga kamar zari-ruga. Tun 1936 babbar ƙungiyarsu ta NFL take da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i sau ɗaya a shekara. Kulob 32 ne, ana zagaye bakwai, kuma kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a bara shi ke fara zaɓa, don kada mai ƙarfi ya kwashe kome. Ba a ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da barin sakandare. Kafin zaɓen sukan tara su a birnin Indianapolis, a auna tsawo da nauyi, a sa su gudun yadi 40, su ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa. Ta irin wannan hanya Christian Okoye, mutumin Inugu, ya shiga kulob ɗin Kansas City a 1987 daga wata ƙaramar jami'a.

Kada wani ya yi gaggawar cewa maganin matsalarmu shi ne mu sayo agogo da ma'auni. Ko su Amurkawan awo yana yaudararsu. A shekarar 2000 wani saurayi mai suna Tom Brady ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 5.28, watau nawa sosai, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwaye shi. Shi ne daga baya ya ci babban kofinsu har sau bakwai. A 2007 kuwa aka ɗauki JaMarcus Russell na ɗaya saboda ƙirar jiki da ƙarfin hannu, bayan shekara uku aka sallame shi. Idan masu likitoci da na'urori suna tafka irin wannan kuskure, ina ga mai gwajin yamma ɗaya a filin ƙura? Abin da ya kamata mu ɗauko daga gare su shi ne littafi. Kowane wasa da yaro ya buga a makaranta yana rubuce, da ranarsa da abokan karawarsa da abin da ya yi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma sai in an lura da Larabar.

Akwai masu cewa boko da ƙwallo ba sa ga maciji, wai ƙwallo sana'ar wanda ya kasa karatu ce. Waɗannan sun manta da tarihi. A watan Maris na 1980 Nijeriya ta ci kofin Afirka a Legas, ta doke Aljeriya da ci uku da nema. Segun Odegbami, wanda ya ci biyu daga ciki, injiniya ne daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne daga Jami'ar Legas. A wancan zamani gasar makarantu ita ce rumbun da ake ɗibar 'yan wasa. Da aka yi sakaci da rumbun, me ya biyo baya? Rage shekaru. Mun ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 sai ga 'yan wasanmu 26 sun faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi don gane shekaru, maƙwabciyarmu Nijar kuma ta fitar da mu daga gasar. Duk gemu da aka aske aka shiga layin yara, wani yaro na gaskiya aka kora gida. Rajistar firamare kuwa tana da ranar da aka sa kowane yaro aji ɗaya.

Masu gardama za su ce ɗan ƙwallon ƙafa yana nuna ne tun yana shekara 17 ko 18, kafin ya ga ƙofar jami'a. Gaskiya ne. Ahmed Musa bai cika 18 ba lokacin da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Wannan hujja ce ta a fara littafin tun daga sakandare, kuma akwai kuɗi a cikin maganar. Dokar hukumar FIFA ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai kulob ɗin yana da rajista kuma sunan yaron yana cikin takarda. Malamin da ya horar da yaro a Kurfi da kuɗin aljihunsa, in babu takarda, ko sisi ba zai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

To, wa zai riƙe alƙalamin? Mu ne. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗaliban kwalejin kuwa kowace shekara suna bazuwa makarantu don gwajin koyarwa. A kafa gasa mai ɗorewa tsakanin sakandaren ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, a riƙa bugawa mako-mako, a daina jiran kofin da ɗan siyasa yakan sa gab da zaɓe. Kowane wasa a tura ɗalibai biyu da takarda, su rubuta wa ya buga, minti nawa ya yi, sau nawa ya ba da ƙwallo daidai, sau nawa ya ƙwace, ya aka yi ya ji ciwo, da yadda ya yi ranar da aka ci su. Masu karatun lissafi da kwamfuta su adana, mu 'yan ƙungiyar Hausa mu tsara kalmomin, domin uban yaro ya iya karantawa da kansa. Bayan shekara uku, in Katsina United ko wani kulob ya zo nema, a miƙa masa littafi ya duba kafin ya kira kowa filin wasa na Muhammadu Dikko.

Aikin nan ba ya bukatar kwangila ko bulo ɗaya. Takarda ce da biro da mutanen da ba za a saye su da lemo ba. In mu da ake kira masu ilmi muka kasa rubuta abin da yake faruwa a bayan katangar makarantarmu, to kada mu ƙara zagin dillalai, domin mu muka bar musu kasuwar.