A Bar Mawaƙi Ya Yi Waƙatai

Jama'a, a majalisun shayi na Malbaza da Ƙonni muna jin masu cewa mu ma a kafa muna hukumar tace waƙoƙi irin ta Kano, wai don gyaran tarbiyya. To, kafin mu ce amin, mu duba abin da ta yi can.

A 2007 an ɗaure Adam A. Zango kan faifan Bahaushiya. A 2009 anka kama Aminu Ala. A 2019 sai Naziru Sarkin Waƙa, wai ya saki waƙoƙi ba a tace ba, daidai lokacin da rigima ta yi zafi tsakanin Gwamna Ganduje da Sarki Sanusi, wanda Naziru ke yi ma waƙa. Ku gaya muna, mawaƙi nawa anka rufe don ya wasa gwamna mai ci? Tacewar nan ta san gidan da take shiga.

Ba mu ce kowace waƙa ta gari ce ba. Mu ma muna da ɗiya, kuma akwai waƙar da wallahi ba a kunna ta gidajenmu. Amma wanga aikin uwaye ne da malamai. Wanda anka zaga kuma, kotu na nan.

Arewacin Mali a 2012 masu bindiga sun hana kiɗa ɗungum, haka Taliban a Afganistan. Mu da ƙasa duka ke alfahari da Ɗan Gurmu na Tawa, wanga layi za mu bi?

Ranar da mawaƙi ya fara neman izini kafin ya buɗe baki, mai rubutu a Facebook ya shirya, shi ne na gaba.