Tagwaita faifan kwamfuta: Yadda neman kariya ke shafe aikin shekaru

A shagunan ɗaukar hoto, wuraren buga takardu, makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci, akwai kwamfutar da kowa ke jin tsoron ranar da za ta mutu. A cikinta ake ajiye hotunan biki, sakamakon ɗalibai ko bayanan marasa lafiya na shekara da shekaru. Shawarar da masu gyara suka fi bayarwa ita ce a sayo faifan ajiya na biyu, a haɗa shi da na farko, ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai shiga ɗayan nan take. Sunan wannan tsari RAID 1, ana kuma ce masa madubi.

Shawarar ba ta da laifi. Haɗarin yana cikin ranar da za a yi haɗin, idan faifan farko cike yake da bayanai kuma babu kwafinsu a ko'ina. Bai kamata mai kwamfuta ya yarda a taɓa faifan nan ba sai an kwashe abin da ke ciki zuwa wani wuri daban.

Dalili na farko shi ne yawancin manhajojin da ke wannan aiki an tsara su ne da tunanin faifan babu komai a ciki. Storage Spaces da ya zo tare da Windows 8 a 2012 yana goge duk faifan da aka saka masa. Haka Disk Utility na kwamfutocin Apple yake yi idan za a kafa sabon haɗi. A Linux kuwa, manhajar mdadm tana rubuta nata bayanan shaida a kilobait 4 daga farkon faifan idan ba a canza mata tsari ba, sannan ta matsar da wurin da ajiya ke farawa zuwa gaba. Sakamakon haka kwamfuta ba za ta ƙara ganin tsofaffin fayiloli a inda ta san su ba. Gargaɗi yana fitowa a allo, amma da Turanci ne, kuma mai sauri yakan danna amincewa bai karanta ba.

Dalili na biyu shi ne madubi bai san wane faifai ne mai daraja ba. Yana kwafa ne daga wanda aka nuna masa zuwa ɗayan. Idan aka juya su, faifan da babu komai a ciki zai rufe mai bayanai, a wayi gari da tagwaye biyu fanko. Kuskuren yana da sauƙi, domin a Linux sunayen sda da sdb harafi ɗaya ne ya raba su, kuma suna iya musanya wuri bayan an kashe kwamfuta an kunna.

Irin wannan tuntuɓe ba na 'yan koyo kaɗai ba ne. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanansu, sai ya goge na asali a zaton na biyu yake sharewa. Kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya ankara. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana, aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, kamfanin ya yi asarar bayanan kimanin awa 6. Kamfanin da kansa ya bayyana wa duniya abin da ya faru.

Dalili na uku shi ne lokaci. Kwafin farko sai ya bi faifan daga farko har ƙarshe. Faifai mai terabait 2 da ke gudun megabait 150 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 4. A duk tsawon lokacin nan faifai na biyu bai cika ba, na farko kuma yana shan wahalar da bai saba ba. Tsohon faifai mai ɓoyayyen rauni a irin wannan rana yake tona kansa. A Najeriya da Nijar, inda ake ɗauke wuta ba sallama, fara wannan aiki ba tare da batirin riƙe wuta ba ganganci ne.

Wasu masu gyara za su ce akwai hanyar yi ba tare da gogewa ba, kuma gaskiyarsu ne. A mdadm ana iya kafa madubin da sabon faifai shi kaɗai, a bar gurbin na biyu, a kwafe fayiloli a ciki, a duba su, sannan a shigar da tsohon. A Windows ma akwai tsohuwar hanyar ƙara madubi ga faifai mai bayanai, ko da yake Microsoft ta daina ba da shawarar amfani da irin tsarin faifan da take buƙata. Sai dai duk waɗannan hanyoyi suna da matakin da kuskure ɗaya ba ya gyaruwa. Ƙwarewar mai gyara tana rage haɗari, ba ta kawar da shi.

Wasu kuma za su kawo kukan tsada, cewa sayen faifai na uku nauyi ne. Wanda kuɗinsa na faifai ɗaya ne kacal, gara ya mai da shi ajiyar waje, ya riƙa kwafa a kai a kai yana cire shi yana adanawa. Madubi yana kare mutum ne daga mutuwar faifai kawai. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duka biyun a lokaci guda. Manhajar masu garkuwa da bayanai tana kulle duka biyun. Gobara, ɓarawo da wuta mai ƙarfi ba sa barin ɗaya.

Saboda haka kafin a fara, a yi cikakken kwafi a faifan waje, a buɗe wasu fayiloli daga ciki a tabbatar suna aiki, a cire shi daga jikin kwamfutar. A rubuta lambar shaidar kowane faifai a takarda, a duba lafiyar tsohon, a tanadi wuta. Mai kwamfuta yana da haƙƙin ya tambayi mai gyara: idan aikin ya ɓaci, daga ina za a dawo da bayanan? Idan babu amsa, a ɗage aikin zuwa ranar da za a samu.